Makullan Ganuwar Aranbel

A shekara ta biyar da zaman sojojin Faransa a ganuwar Aranbel, shamuwa suka tashi daga hasumiyar babban cocin Montarza tun lokacin tashinsu bai yi ba. Da hantsi suka yi shawagi sau uku a kan kasuwa, suka miƙa kudu, suka bar ƙwai a sheƙa. Tsofaffin gari suka ce rabon da a ga haka tun shekarar da aka ƙone Montarza a yaƙin baya. Limamin cocin, Fada Isidoro, ya hau mumbari ya ce tsuntsu ba ya sanin gaibu, amma shi ma a ranar aka ga ya sa an kwashe kofunan azurfa na coci an kai ɗakin ƙasa.

Montarza gari ne a gindin duwatsun da suka raba Sifaniya da Faransa, Aranbel kuwa ganuwa ce a kan dutse, tana leƙen garin daga sama. Ta Sifaniya ce tun kaka da kakanni. Abin da ya kai Faransawa cikinta shi ne, da tawaye ya taso wa Sarkin Sifaniya, sai ya roƙi ɗan'uwansa Sarkin Faransa ya aiko masa da mayaƙa. Mayaƙa suka zo, tawaye ya mutu, baƙi kuma suka miƙe ƙafa. Duk shekara Madrid ta tambayi ranar tashi, Paris ta amsa da takarda mai daɗin karatu wadda babu rana a cikinta.

Ni dai ban taɓa jin labarin abokai biyu da suka tsani juna cikin ladabi kamar waɗannan fadoji biyu ba. Kowane sarki yana buɗe wasiƙarsa da "ɗan'uwana abin ƙauna", alhali kukun jakadan kowanne yana kai rahoto ga ɗayan. Paris na zargin Madrid da haɗa baki da Ingila a ɓoye. Madrid na zargin Paris da son matso da iyakarta ta haɗiye kwarin Montarza. Wani lokaci zargin gaskiya ne, wani lokaci ƙarya, kuma babu mai iya bambancewa, har su masu yin sa.

Gwamnan Montarza, Don Baltasar, dattijo ne mai son zaman lafiya da tsoron laifi. Ba mugu ba ne. Cutarsa ɗaya, duk wanda ya yi magana da ƙarfi a gabansa shi ne mai gaskiya. Yana da wata al'ada da kowa a fadarsa ya sani amma ba a faɗi: manzon Faransa da ke kai wasiƙu Aranbel dole ya sauya doki a Montarza, to yayin da ake cika shi da gasasshen rago da ruwan inabi, sai a zare jakarsa, a ɗaga jan kakin hatimi da wuƙa mai ɗumi, a kwafe abin da ke ciki, a mayar kamar ba a taɓa ba. Mai karanta kwafin shi ne Tafintan Fada, Anselmo, tsoho mai shekara sittin da ɗoriya. Ubansa ɗan Montarza ne, uwarsa kuwa Bafaransa ce daga bayan dutse, a bakinta ya sha yaren. Shekara talatin yana yi wa fada aiki ba a taɓa kama shi da kuskuren harafi ba, duk da haka idan ya juya baya sai a ce "ɗan Bafaransa".

Ranar sha biyar ga Mayu aka kwafe wata wasiƙa daga Ministan Yaƙin Faransa zuwa ga Kanar Lamber, shugaban mayaƙan Aranbel. Aka yi rashin sa'a Anselmo ya tafi gyara kabarin matarsa, sai takardar ta faɗa hannun Sarkin Yaƙi, Don Ramiro. Shi wannan ya yi shekara biyu a kurkukun Faransawa yana saurayi, a can ya baro idonsa na hagu, ya dawo da ƙiyayya da ɗan Faransancin da fursuna ke tsinta, na neman burodi da ruwa. A wurinsa wannan ya isa a kira shi masani. Ya bi layukan da yatsa, ya tsaya a kan kalma ɗaya, fuskarsa ta sauya. Kafin azahar an buga ƙararrawar majalisa.

Suka hallara a zauren da ake kira Zauren Tutoci: Gwamna a kan kujerarsa, Sarkin Yaƙi a damansa, Fada Isidoro a hagu, sai Alƙalin Gari, Magatakarda, Sarkin Ƙofa da hakiman ƙauyukan kwari. Anselmo ya shigo a ƙarshe da ƙasar maƙabarta a gwiwar wandonsa.

Don Ramiro ya miƙe, ya ɗaga takardar yadda kowa zai gani.

"Allah ya ja zamanin Gwamna, garkuwar iyaka, amintaccen Sarki. Shekara biyar ina faɗa ana cewa tsohon ciwo ke sa ni magana. Yau ga shi da hannun Ministansu. An umarci Lamber cewa ranar ashirin ga watan nan ya ƙwace Aranbel da kwarin Montarza, da mutanensa duka da igwoyinsa duka. Kwana biyar suka rage mana mu zama talakawan Paris."

Zauren ya yamutse. Gwamna ya miƙa wa Anselmo takardar. Tsoho ya sa tabarau, ya karanta sau biyu, sai aka ga ya saki ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. Wannan murmushin ne kuskurensa na farko.

Ya yi bayani a natse. Kalmar da Sarkin Yaƙi ya tsaya a kai ita ce "quitter". A Sifaniyanci akwai "quitar", ma'anarta a ƙwace wa mutum abinsa, kuma duk Basifaniyen da ya ga ta farko zai ɗauka ta biyu ce, don kusan harufansu ɗaya. Amma a Faransanci "quitter" na nufin a bar wuri, a tashi a ba shi baya. Abin da Minista ya rubuta shi ne Kanar Lamber ya bar Aranbel da kwarin Montarza ranar ashirin, ya tafi da mutanensa duka da igwoyinsa duka. Abin da Madrid ta shekara biyar tana roƙo, shi ne ya zo.

Da a wata majalisa ce da an tashi ana rungumar juna. A nan kallon juna aka tsaya yi. Alƙali ya tambaya, in tashi za su yi, me ya hana su sanar da Gwamna a fili? Anselmo ya nuna masa layin ƙarshe, inda aka ce a riƙe maganar a asirce har ranar, don Paris na tsoron kada ragowar 'yan tawaye su ji su tare hanya. Wani hakimi ya ce to me ya sa Madrid ba ta aiko da labari ba? Wannan kam Anselmo ya ce bai sani ba.

Don Ramiro ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce shi bai taɓa jin yaren da a cikinsa ƙwacewa ke zama bari ba, sai dai in yaren 'yan'uwan uwa ne. Ya tuna wa majalisa cewa duk wasiƙar da aka kwafe a shekara biyar ɗin nan ta bakin mutum ɗaya aka ji ta, wa ya san abin da ya rage, wa ya san abin da ya ƙara? Yau ce rana ta farko da wani ido ya riga nasa, kuma yau ce rana ta farko da aka ji gaskiya.

Anselmo ya roƙi a kawo ƙamus. Babu ƙamus a fadar sai nasa, Sarkin Yaƙi ya ce littafin da aka buga a Paris ba zai zama shaida a kan Paris ba. Ya roƙi a aika wa Kanar Lamber a tambaye shi kai tsaye. Nan Gwamna da kansa ya girgiza kai, don tambayar na nufin amsa laifin cewa Gwamnan Sarki yana buɗe wasiƙun aminin Sarki, wannan kuwa zai iya cin kujerarsa. Aka juya ga Fada Isidoro, wanda ya san Latin, uwar yarukan biyu, kuma yana iya raba gardamar da kalma ɗaya. Ya dubi Sarkin Yaƙi, ya dubi rufin zaure, ya ce shi malamin Littafi ne, ba na wasiƙun soja ba. Har yau in na tuna wannan amsar raina ɓaci yake.

Da tsoho ya ga ƙofofi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai ya cire tabarau ya durƙusa a gaban kujera.

"Ranka ya daɗe, na ci gurasar gidan nan shekara talatin. Uwata Bafaransa ce, ban taɓa ɓoyewa ba, amma a Montarza na binne ta, a nan na binne matata, a nan nake so a binne ni. Ba ni da abin jingina sai wuyana. A rubuta: idan Faransawa suka ƙwace Montarza kafin watan nan ya ƙare, a rataye ni a ƙofar kasuwa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a harba ko harsashi ɗaya ranar ashirin. A bar su su wuce."

Magatakarda ya rubuta, Alƙali ya sa hannu. Gwamna ya ji daɗin wannan, don ya ba shi hanyar da zai bi kowa ba tare da ya zaɓi kowa ba. Ya yanke cewa a tsare Anselmo a hasumiyar Ƙofar Arewa har a ga abin da hali zai yi, a tura mahayi Madrid neman umarni, Sarkin Yaƙi kuma ya shirya mayaƙa don tsaro kawai, kada ya fara taɓa kowa. Kowa a zauren ya san Madrid tafiyar kwana shida ce zuwa, shida dawowa.

Kwanakin nan biyar garin bai ji daɗinsu ba. Masu kai kayan lambu Aranbel suka dawo da labarin cewa ana sauko da igwa daga kan katanga, ana yi wa alfadarai sabon takalmi, ana gasa burodin tafiya. Duk labarin da ya iso, Don Ramiro ya ce kun ji ko, shirin hari ne. Da an kai wa Anselmo labarin a hasumiya sai ya ce shirin tafiya ne. Abin takaicin, duka biyun shirinsu iri ɗaya ne. Ga kuma yadda Allah ya yi ƙasar: hanyar da keken igwa zai iya bi daga Aranbel guda ɗaya ce, tana gangarowa kai tsaye kamar za ta shiga Montarza, sai ta haye gadar kogin Zaldu, a nan ne take rabuwa biyu, dama zuwa ƙofar gari, hagu zuwa mashigin dutse da Faransa. Kafin mutum ya kai wannan mararraba, babu mai iya sanin inda ya nufa.

Ranar ashirin gari ya waye da hazo a kan kogi. Don Ramiro ya ɓoye mayaƙa dubu da ɗari biyu a gonakin inabi na gefen gada, ya girke igwa huɗu a bayan injin niƙa. Da rana ta ɗaga aka ji ganguna daga sama. Faransawa suka gangaro cikin sahu, tuta a gaba, Kanar Lamber a kan farin doki, kusa da shi wani hafsa yana ɗauke da wani abu a kan matashi.

Daga tagar hasumiya Anselmo ya fi kowa ganin hanyar. Ya ga sahun farko, ya ga igwoyi, sannan ya ga abin da ke bayansu: amalanke cike da katifu da tukwane, matan sojoji a zaune a kan ƙullin kaya, marasa lafiya a kan gadajen ɗauka, wata mata riƙe da kejin tsuntsu a cinyarta. Ya kama ƙarfen taga yana kiran Sarkin Ƙofa, yana cewa a je a gaya wa Sarkin Yaƙi ya dubi ƙarshen ayarin, wa ke zuwa yaƙi da katifarsa? Sarkin Ƙofa ya leƙa, ya gani, ya sauka da gudu neman doki. Daga gonakin inabi kuwa ba a ganin komai sai tuta da bakin igwa suna matsowa.

Farin dokin ya hau gada. Saura taku arba'in ya kai mararraba, inda kowa zai ga ya juya hagu. Don Ramiro bai ba shi taku arba'in ɗin ba. Ya ce wa hafsoshinsa wanda ya jira maƙiyi ya haye gada ya riga ya ba da gari, ya sauke takobinsa.

Igwa huɗu suka tashi lokaci ɗaya. Gadar ƙunci gare ta, ga mutane a cunkushe, babu wajen gudu sai kogi. Faransawa ba su ɗura bindigoginsu ba, igwoyinsu kuma a ɗaure suke a bayan alfadarai, bakinsu na kallon baya. Duk da haka sun yi abin da soja ke yi, sahun tsakiya suka durƙusa a bayan amalanke suka ɗura, suka riƙe bakin gada kusan sa'a guda har na baya suka samu suka watse cikin duwatsu da mata da raunana. Mayaƙan Montarza suka fito daga cikin inabi da wuƙaƙe a bakin bindiga, suna kiran sunan Sarki. Kafin rana ta take tsaka an gama. Faransawa ɗari uku da wani abu suka kwanta a gada da cikin ruwa, na Sifaniya ba su kai arba'in ba. Aka buga ƙararrawar coci, mata suka yi guɗa a kan soraye, aka ɗauki Don Ramiro a kafaɗa.

Gwamna ya sauko gada da yamma don ya ga nasara. A nan wani soja ya kawo masa abin da ya tsinta a ƙarƙashin gawar hafsan da ke kusa da Kanar Lamber. Matashi ne na jan karan-miski, an ɗaure makullai bakwai a kansa da zare mai launin tutar Sifaniya. Makullan Aranbel ne. A aljihun Kanar kuma, wanda shi ma ya mutu a gadar, aka sami takarda da ya rubuta da Sifaniyancinsa mai tuntuɓe, jawabin da ya yi niyyar karantawa a mararraba, yana gode wa Gwamna da mutanen Montarza saboda kyakkyawan maƙwabtaka. Don Baltasar ya karanta, ya zauna a kan dutsen gada har aka kawo masa alkyabba.

Washegari aka saki Anselmo, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Kwana uku bayan haka manzon Madrid ya iso, wanda ya taso tun kafin mahayin Gwamna ya kai. Yana ɗauke da albishir cewa an sa hannu kan yarjejeniya, Faransawa za su tashi ranar ashirin, a raka su da girmamawa. An riƙe takardar mako biyu a fadar Madrid ba a aiko ba, saboda Wazirin Sarki na tsoron kada Paris ta sauya magana a ji kunya.

Anselmo bai yi murna da fitowar gaskiyarsa ba. Ya koma ɗakinsa yana rubuta wa Gwamna takardun ban haƙuri zuwa Paris, ya zaɓi kowace kalma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Babu wadda aka amsa. Ranar ashirin da tara ga wata makiyaya suka gangaro daga dutse ba tare da tumakinsu ba, suka ce mashigi ya cika da mayaƙa, tun safe suke wucewa ba a ga ƙarshensu ba. Da azahar wani mahayi da farar tuta ya tsaya a bakin gadar Zaldu, ya ƙi hayewa, ya miƙa wasiƙa ya juya.

Aka sake taruwa a Zauren Tutoci. Gwamna ya fasa hatimin, wannan karon a gaban kowa, ya miƙa wa Anselmo bisa sabo. Tsoho ya duba, ya mayar masa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ta bukatar tafinta. Da yarenmu suka rubuto."

Layi uku ne. Janar ɗin da ke jagorantar mayaƙan Faransa ya ce tun da an ba shi labarin cewa a Montarza ana karanta wasiƙun Faransa amma ba a fahimtarsu, ya ga ya kyautu ya sauƙaƙa musu. Gobe talatin ga wata zai zo da mutum dubu goma sha biyu, kuma abin da zai yi wa Aranbel da kwarin Montarza ya rubuta shi da manyan harufa: QUITAR.

Takardar ta zaga hannu zuwa hannu har ta iso ga Don Ramiro. Ya kai ta kusa da idonsa mai gani, ya daɗe a kan kalmar, sannan ya ɗago.

"Allah ya ja zamanin Gwamna, ai haka na karanta tun farko."

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya musa. Don Baltasar yana tunanin abin da zai rubuta wa Madrid, da sunan da zai sa a ciki wanda ba nasa ba. Ya tambayi Magatakarda, murya ƙasa-ƙasa, kwana nawa suka rage a wata. Magatakarda ya ce biyu, ya buɗe akwatinsa ya zaro takardar alkawarin Anselmo da Alƙali ya sa wa hannu. Anselmo ya naɗe tabaransa ya sa a aljihu. Bai waiwaya ba, amma ya ji takun Sarkin Ƙofa ya zo ya tsaya a bayansa.